Bidiyon Da Dangi Suka Goge

Shekara ashirin da bakwai Sista Ba-wasa ta yi a sashen masu ciwon suga, kuma ba ita ta raɗa wa kanta sunan ba. Majinyata ne suka ba ta, ita kuwa ta karɓa hannu bibbiyu. In ka zo ranar gwaji ka rantse mata cewa tun wancan watan ko a shayi ba ka sa suga ba, ba za ta yi musu da kai ba. Sai ta soki yatsanka, ta ɗiga jinin a na'ura, ta juyo maka lambar ka karanta da bakinka, sannan ta ce, "To, na'urar ce take shan zaƙi a ɓoye." Manyan mutane masu furfura sun sha fita daga ɗakinta suna sosa ƙeya. Amma in wata ya zagayo layinta ya fi na kowa tsawo, don duk wanda ya bi maganarta ya gani a jikinsa.

Saboda haka ranar Litinin da Metiron, shugabar ma'aikatan jinya, ta kira ta ofis ta rufe ƙofa, Sista ta ɗauka wani ne ya sake kawo ƙarar kaifin bakinta. Har ta shirya amsa. Sai Metiron ta miƙo mata waya ta ce, "Zauna ki kalla."

A tsaye ta kalla. Ita ce a cikin bidiyon, babu tantama: farin yunifom ɗinta, tabarau ɗinta mai igiya, har da ɗan tabon ƙunan da ke gefen haɓarta. Muryar ma tata ce.

"Masoyana masu ciwon suga," in ji Sistar cikin waya, tana murmushi har da karkatar da kai, "ku yafe mana wahalar da muka daɗe muna ba ku. Daga yau ku ajiye allura. Ga garin magani nan, cokali ɗaya safe da yamma, kwana arba'in kun rabu da ciwon har abada." A ƙasa an shimfiɗa wani jan layi mai faɗi ɗauke da lambar waya.

"Masoyana?" Sista ta ce. "Ni? Metiron, shekara nawa muna tare, kin taɓa jin na ce wa wani masoyina? Ko mijina, Allah Ya ji ƙansa, bai samu wannan ba."

Metiron ba ta yi dariya ba. Takarda ta turo mata a kan tebur. Mijin wata majinyaciya ne ya kai ƙara hukumar da ke ba ma'aikatan jinya lasisi. Matarsa ta ga bidiyon a matsayin talla a shafin sada zumunta, ta ajiye allura wata biyu, ta daina zuwa gwaji. Wani ɗan ciwo da ke babban yatsanta ya ruɓe ya hau sama. Ranar Asabar aka yanke mata ƙafa daga ƙasan gwiwa, ga ta can a ɗakin mata a hawa na biyu. An dakatar da Sista daga aiki nan take, kuma ranar Alhamis kwamiti zai zauna ya yanke ko a ƙwace lasisinta.

Ta san matar. Matar Direba ake ce mata, don mijinta direban tirela ne, doguwa mai yawan kunya, shekara shida tana layinta. Sai a lokacin Sista ta ja kujera ta zauna. Ba tsoro ta ji ba, don ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Baƙin ciki ta ji, da wani fushi da ba ta san wanda za ta sauke wa ba. Ta kwafi adireshin bidiyon a bayan takardar, ta kira lauyan ƙungiyarsu ya ba ta ƙarfe tara na safiyar Laraba, ta cire katin aikinta ta ajiye a gaban Metiron.

"Aronsa na ba ki," ta ce. "Ranar Juma'a zan zo in karɓa."

Kuskure ɗaya ta yi a ranar, shi ne ta biya gidan Yaya ta faɗa mata. To, wa za ta faɗa wa in ba ita ba? Yaya ce ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau, duk da furfurar da ta cika kan Sista, Auta take kiran ta. Yaya tsohuwar shugabar makaranta ce. Da ta yi ritaya ba ta rasa aji ba, sai ta koma kan guruf ɗin dangi da ke waya, mutum tamanin da huɗu, tana tafiyar da su kamar 'yan aji uku. Wanda bai gaida mara lafiya ba ta sani, wanda ya karanta saƙo ya yi shiru ta sani.

Da Yaya ta ga bidiyon sai ta dafe ƙirji tana salati. Sista ta bar ta a nan ta tafi gida, kuma da kiraye-kiraye suka ishe ta sai ta kashe wayarta ta jefa a aljihun tebur. Saboda haka ba ta ji abin da ya biyo baya ba.

Babbar 'yar Yaya, wadda ke aiki a banki, ita ta tuna wa dangi cewa ai akwai sabuwar doka. In aka kai ƙorafi kan abin da zai cutar da lafiyar jama'a, wajibi ne kamfanin ya sauke shi cikin kwana ɗaya, in ba haka ba ya sha tara. Ta nuna musu maɓallin da za su danna da layin da za su zaɓa. Yaya kuwa ta ɗauki saƙon murya na minti bakwai.

"Duk wanda jinin gidan nan ke yawo a jikinsa, da surukai, da 'ya'yan riƙo, kowa ya danna yau, ba gobe ba. In ka danna ka rubuto 'na yi', ina nan ina duba sunaye. Sannan ku buɗe kunnuwanku da kyau. Duk wanda ya ajiye wannan ƙazantar a wayarsa, ko ya tura wa wani, ko da da sunan jaje ne, ban yafe ba. Na maimaita, ban yafe ba."

Wa ya isa ya kwana da "ban yafe ba" ɗin Yaya a kansa? Waɗanda suka riga suka sauke bidiyon a wayoyinsu suka goge shi, suka shiga inda waya ke tara abubuwan da aka goge suka sake gogewa. Wani Kawu da bai iya ba, sai da ya kai wayarsa shago aka wanke ta tas, har da hotunan jikokinsa. Kafin la'asar ɗin Talata bidiyon ya ɓace, shafin da ya ɗora shi ma ya ɓace. Mota uku dangi suka cika suka zo gidan Sista, baki har kunne.

"Auta, mun share miki hawaye," in ji Yaya. "Ko da fitila aka nema ba za a same shi ba."

Gaskiya ita ce Sista ma ta yi murna. Ta tuna da ɗaruruwan masu ciwon suga da ba za su ƙara ganin fuskarta tana yi musu ƙarya ba, ta ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarta. Ta rungume Yaya, abin da ba ta cika yi ba.

Lauyan ɗan ƙaramin mutum ne, ofishinsa ma ƙarami, fayiloli sun cinye kujerun baƙi sai guda. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba, yana gyaɗa kai. Ya ce aiki mai sauƙi ne, irin wannan haɗin na na'ura masana suna gane shi cikin minti goma. Ya jawo kwamfutarsa, ya rubuta adireshin da ta kwafo. Ya sake rubutawa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"An sauke shi," ya ce.

"Eh, jiya. Danginmu ne suka yi ƙoƙari."

"Madalla. To turo mini kwafin."

"Wane kwafi?"

Da ta ba shi labarin saƙon Yaya, sai ya ɗora hannu biyu a ka. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ya kira Metiron a gabanta, ita ma ashe ta adireshin ta buɗe, ba ta ajiye komai ba. Ya duba takardar ƙarar, adireshin nan ne kawai a ciki.

"Sista, saukewar ba laifi ba ce, dole ma a sauke shi. Amma ke in likita ya ciro ƙari daga cikin mutum, kwandon shara kuke jefawa?"

"Ɗakin gwaji ake kaiwa," ta ce a hankali, don ta riga ta gane.

"To kun jefar. Gobe mutum biyar za su rantse sun gan ki da idonsu, sun ji ki da kunnensu. Mu kuma mu ce ƙarya ce, a ce mu nuna, mu nuna iska."

Ta faɗa masa cewa ai ta gane inda aka samo hoton. Wani jawabi ne da ta yi bara a ɗakin taron asibiti, kuma na ainihin yana nan a ofishin adana bayanai. Lauya ya ce zai karɓo shi, amma shi kaɗai ba ya wanke kowa, sai a ce na asibiti daban, na talla daban. Dokar ta tilasta wa kamfanin ya adana duk abin da ya sauke har kwana casa'in, amma ba ya fitarwa sai da umarnin kotu, umarnin kuwa sai a yi wata ana bin sa. In ya nemi a ɗaga zaman, kwamitin sai bayan wata uku yake sake zama, ita kuma tana gida a dakace, sunanta yana yawo a bakin mutane.

"Akwai wanda ya fi wannan muni," ya ce. "In aka tambaya su wa suka kai ƙorafin, za a ga danginki ne kaf, cikin kwana ɗaya da ba ki takarda. Ke da kanki, in kina kan kujerar kwamiti, me za ki ce?"

"Zan ce ta ɓoye shaida."

Ta miƙe ta gyara mayafinta. Lauya ya tambaye ta ko ya rubuta takardar neman ɗagawa. Ta ce a'a. Ba ta yi ba, kuma gobe za ta tsaya ta faɗa musu ba ta yi ba, ko da hannu rabbana ne.

A gida ta tarar da falo cike, an dawo ci gaba da murnar jiya. Ba ta iya ɓoye magana ba, ba ta kuma iya yi mata kwalliya ba, sai ta faɗe ta yadda take. Babbar 'yar Yaya ta sunkuyar da kai. Aka shiga lalube a wayoyi ko Allah Ya sa akwai wani mai taurin kai da ya saɓa wa umarni, aka kira na nesa ɗaya bayan ɗaya. Ba a samu ko ɗaya ba. Yau kam Yaya ta so a ce tarbiyyarta ba ta kama ba.

"Garin neman gira na rasa miki ido, Auta," ta ce, hawaye na zuba. "Da hannuna na yanka ki."

"Haba Yaya, bar faɗin haka."

Sista na cikin lallashinta aka ji wani hon da ya girgiza tagogi. Kan tirela ne, babu bodi, ya shigo ɗan layin nasu ya toshe shi daga bango zuwa bango. Wani ƙaƙƙarfan mutum ya diro, rigarsa duk baƙin mai, idanunsa jajir. Sista ta gane shi tun kafin ya buɗe baki. Direba ne, mijin matar.

"Ina take? Ta fito!" Yana dukan ƙofar gidan da tafin hannu. "Kin sa an goge, ko? Kin ɗauka kin sha? Kin ci ƙafar matata, yanzu kuma za ki ci shaida? Azzaluma! Macuciya!"

Maƙwabta suka firfito. Mazan dangi suka yunƙura, wani har yana naɗe hannun riga. Sista ta raba su ta wuce ta buɗe ƙofar da kanta, ta tsaya a gabansa. Kanta ko kafaɗarsa bai kai ba.

"Ga ni, Malam."

"To ki sani Allah Ya fi ki!" Ya zaro wata waya mai fasasshen gilashi daga aljihu ya ɗaga sama. "Yana nan! Ta sauke shi a wayarta tun ranar farko, don in na dawo daga tafiya ta nuna mini. Ki goge na duniya duka, wannan ba ki isa ba!"

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Sista ta matso kusa da shi.

"Kana da shi? Dukansa? Daga farko har ƙarshe?"

"Har ƙarshe!"

"Allah Ya yi maka albarka."

Direba ya tsaya da baki buɗe. Ya zo da shirin zagi, da shirin kuka, da shirin a ba shi kuɗi ya watsa wa mutum a fuska, amma bai zo da shirin albarka ba. Yaya, wadda ba ta ji farkon maganar ba, ta kutso daga baya tana cewa, "Bawan Allah, don girman iyayenka ka go—" sai ta tuna, ta toshe bakinta da hannu biyu. Wani ɗan'uwa ya miƙo hannu wai a ba shi ya tura wa Lauya. Sista ta buge hannun.

"Kar wanda ya taɓa wayar nan. Malam, mayar da ita aljihu. Kar ka ba ni, kar ka ba kowa a gidan nan, ko ni na roƙe ka. Ƙarfe nawa yanzu? Biyu da rabi. Ofishin hukuma sai huɗu suke tashi. Ka je wurin magatakardan kwamiti, ka ce ka kawo shaida, ya kwafa a gabanka, ya ba ka takarda mai hatimi. In ya ce ka dawo gobe, ka zauna a kan teburinsa."

"Wannan wace irin dabara ce kuma?"

"Ba dabara. Kai kana so kwamiti ya gani, ni ma ina so ya gani. Yau kaɗai bukatarmu ɗaya ce."

Ya dube ta, ya dubi wayar. Muryarsa ta sauka, amma ɗacin bai sauka ba.

"Don ke ce ta yarda. Da wani ne ko kallo ba za ta yi ba. Ta ce Sista ba ta ƙarya."

"Me ya hana ta zo ta tambaye ni? Mota ɗaya ce daga gidanku."

"Ta ce tana tsoron faɗanki."

Wannan ta shige ta fiye da duk zagin da ya yi. Ta ce masa kawai ya yi sauri lokaci na tafiya, ta tsaya a bakin ƙofa tana ba shi hannu har ya fitar da kan motar da baya ba tare da ya goge bangon kowa ba.

Ranar Alhamis mutum biyar ne a kan dogon tebur, shugabarsu wata dattijuwa da ta koyar da rabin ma'aikatan jinyar da ke aiki a yau. Dangi sun cika benci uku na baya, Yaya ta ja musu kunne cewa ko tari kar wanda ya yi. Shaidu suka rantse ɗaya bayan ɗaya cewa sun ga Sista, sun ji Sista. Sannan magatakarda ya kunna majigi, fuskarta ta cika bango tana cewa masoyana. Sista ta kalla har ƙarshe ba ta kau da kai ba.

Da aka ba ta dama, Lauya ya yunƙura zai tashi, ta yi masa alama ya dakata.

"Ranki ya daɗe, a sake kunnawa, amma a kashe muryar. Kuma ina roƙo a bar mai ƙara ya amsa mini tambaya ɗaya."

Shugabar ta amince. Hoton ya fara motsi shiru.

"Malam, manta da bakin nan. Kalli hannuwa. Ga su nan suna leƙowa ta saman jan layin. Me na hagu yake yi?"

Direba ya ƙura ido. "Ya kama gefen ciki. Ya tattaro fata."

"Na dama fa?"

"Babban yatsa yana turawa ƙasa."

"Yanzu kuma me ya sa na tsaya cak ina gyaɗa kai?"

Sista ta ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa, ɗaya bayan ɗaya, shi bai ma sani ba. Matarsa ba ta iya kallon allura, saboda haka shekara shida da suka wuce shi Sista ta zaunar a kan benci ta koya wa, kuma duk ranar da yake gari shi yake yi mata.

"Ƙirga goma kike yi," ya ce. "Kafin a zare."

"To mai cewa a ajiye allura, me ya haɗa hannunta da yin allura? Sun canja mini baki, sun rufe sirinjin da lambar wayarsu, amma ba su san aikin ba, balle su san me hannun yake faɗa."

Sai Lauya ya miƙa na ainihin da ya karɓo daga asibiti, aka jera su gefe da gefe. Hannu ɗaya, motsi ɗaya, gyaɗa kai ɗaya. A na ainihin babu jan layi, ga sirinji nan ƙuru-ƙuru, babu kuma murmushi. Aka buɗe murya, sai ga Sista ta gaskiya ta cika ɗakin: "Ka ƙirga goma kafin ka zare, ba tsere ake yi ba. Kai mai hula a baya, ajiye wayar nan, da kai nake." Wani daga cikin 'yan kwamitin ya yi dariya ya mayar da ita tari. Masanin na'urar da hukuma ta gayyato ya yi bayani mai tsawo kan yadda leɓe da haƙora suke narkewa a wasu wurare, amma kowa ya riga ya gani da idonsa.

Shugabar ta tambaya su wa suka sa aka sauke bidiyon. Kafin Lauya ya buɗe baki Yaya ta miƙe daga baya, ta ce ita ce, ita ta ba da umarni, ƙanwarta ba ta sani ba, kuma in akwai hukunci a kanta ya dace ya sauka. Shugabar ta dube ta ta saman tabarau ta ce an ji, ta zauna, gaba in za a kashe maciji a bar gawarsa a ga irinsa. 'Yan kwamitin suka shiga ciki shawara, ba su fi minti ashirin ba suka fito. Babu laifi, an janye dakatarwa, Sista ta koma aiki gobe.

Dangi suka manta da jan kunnen Yaya, baranda ta kaure. Sista ta bari aka rungume ta, aka ja ta nan aka ja ta can. Daɗi ta ji, ba kaɗan ba, sunan da ta gina shekara ashirin da bakwai ya dawo hannunta ba ko ƙwarzane. Tana cikin haka ta hango Direba a can ƙarshen baranda, shi kaɗai a kan benci, yana danna wata lamba a wayar matarsa yana karawa a kunne, yana saukewa, yana sake dannawa. Ta zame daga cikin mutane, ta ja hannun rigar Lauya, suka nufe shi.

"Ba ta shiga," ya ce, bai ɗago ba. "Lambar masu maganin. Tun shekaranjiya ba ta shiga. Shafin ma babu. Ke kin fita. To ni wa zan kama? Zan koma asibiti in ce wa matata ba Sista ba ce, ba kowa ba ne, iska ce ta cinye miki ƙafa?"

Lauya ya ce ba iska ba ce. Wanda ya ɗora talla sai da ya ba kamfanin suna da asusun da ya biya da shi, kuma doka ta ce a riƙe su kwana casa'in. Biyu sun tafi. In kotu ta ba da umarni, dole a fito da su. Ya buɗe jakarsa a kan gwiwa ya zaro takardar da ya riga ya tsara tun jiya, da sunan Sista kaɗai.

"Ƙara layi," in ji Sista. "Sunansa a sama."

Direba ya girgiza kai. "Ni direba ne. Wa zai saurare ni a kotu? Kuma da wane ido zan haɗa takarda da ke?"

"Fuskar tawa suka sata, ƙafar matarka suka ci. Ɓarawo ɗaya ne, takarda ɗaya za mu shigar."

Ta zare biron da ke maƙale a aljihun Lauya ta miƙa masa. Bai karɓa ba.

"Jiya a gaban maƙwabtanki na kira ki azzaluma."

Sista ta waiwaya ta tabbatar Yaya tana nesa, sannan ta zauna kusa da shi a kan bencin ta rage murya.

"Ka kira. Amma mutum tamanin da huɗu ne suke sona, ba wanda ya ajiye mini bidiyon nan. Kai ka ajiye. Sa hannu, Malam, kwana tamanin da takwas ya rage mana."